Kotso: Kiɗan fada a ƙasar Gobir

Kotso na ɗaya daga cikin manyan kayan kiɗan fada a ƙasar Hausa, kuma a al'adance sarakuna da masu sarauta ake kaɗa wa shi.

A yankin Isa da Sabon Birni da ke gabashin jihar Sakkwato, sunan kotso ba ya rabuwa da na Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, amma har yanzu gidajen rediyo na sanya waƙoƙinsa, musamman Bakandamiya.

Sauran mashahuran makaɗan kotso sun haɗa da Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru.

Kotso ya yi kama da kalangu wajen tsukakken tsakiya, sai dai baki ɗaya kawai ake rufewa da fata, ɗayan kuma a bar shi a buɗe.

Masassaƙi ne ke fafe icen, sannan a shimfiɗa fatar akuya a ɗaure ta da tsarkiya.

A tsakiyar fatar ana manna wani ɗan dunƙule da ake kira nake, wanda ke ƙara wa kotson zurfin amo.

Makaɗi na rataya shi ne a kafaɗa ya buga da hannu, yana matsa tsarkiyar domin sauya murya, yayin da 'yan amshi ke karɓa wa jagora waƙa.

Ba a makaranta ake koyon wannan sana'a ba. Yaro na tasowa ne a gidan kiɗa ko ya bi wani makaɗi shekara da shekaru, don haka ɗorewarta ta dogara ga fada da bukukuwan sallah da naɗin sarauta.

Waɗannan tarukan na buƙatar zaman lafiya, abin da ya yi ƙaranci a yankin.

Hare-haren 'yan bindiga, ciki har da wanda ya hallaka mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020, sun tilasta wa dubban jama'a tserewa zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Masana sun taskace waƙoƙin, kamar yadda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi a littafinsa kan Narambaɗa, amma sassaƙa kotso da ɗaure shi ilimi ne da ke hannun masu sana'ar, kuma yana iya tafiya tare da su.