Bishiyar cikin kasko da kututturen da ke gonarmu

Yau zancen bishiya za mu yi, kuma daga nesa zan ɗauko shi kafin in sauke shi a Batsari da Safana.

A ƙasar Japan akwai wata al'ada da ake kira bonsai, wato rainon bishiya a cikin ɗan kasko. Ba wani iri ne na daban ba fa. Bishiya ce sosai, wadda da a daji ta tashi sai ta wuce soro tsawo. Mai ita ne yake datse saiwa, ya rage reshe, ya lanƙwasa wani da waya, ya sake mata ƙasa bayan 'yan shekaru, har ta tsufa ba ta wuce ƙugun mutum ba. Asalin abin daga ƙasar Sin ne, inda suke ce masa penjing. A kabarin wani yarima mai suna Zhanghuai, wanda aka binne a wurin a shekarar 706, akwai zanen bango na hadimai ɗauke da irin waɗannan tukwane. Daga can al'adar ta ƙetara Japan, har ta fito a wani zanen Japanawa na shekarar 1309.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta iyalin Yamaki. Tun 1625 ake rainonta. Tana cikin gidansu a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya, kimanin kilomita uku daga inda ya faɗi, kuma ta rayu. A 1976 aka ba Amurka ita kyauta, yanzu haka tana birnin Washintan. To ku yi lissafi. Bishiyar kasko idan aka yi 'yan kwanaki da zafi ba a ba ta ruwa ba, ta tafi. Ke nan shekara ɗari huɗu ba a taɓa samun wanda ya yi sakaci da ita ba, daga kaka zuwa jika. Wannan ita ce natsuwar da ake ta yayatawa a intanet kamar wani kayan ƙawar masu kuɗi. Ni a ganina ba zaman rufe ido ba ne, sanin bishiyarka ne reshe-reshe, da sanin wanda za ka sare don saura su rayu.

Mu ma muna da namu, sai dai a gona yake. Dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ya ba shi taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Shi ya sa ake ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Kakanninmu suna sassabe kuka don miya, makiyayi ya sassabe wa shanunsa reshe, amma uwar bishiyar ba a taɓa ta.

Shi kansa dajin Rugu tarihi ne ya raine shi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari ta wannan yanki namu na Ruma, garuruwa suka watse, daji ya cinye kufai. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya bi ta Zakka a 1853 zai tafi Sakkwato, cikin fargaba ayarinsu ya ratsa dajin. Wato tsoron dajin nan ba yau aka fara shi ba. Bambancin shi ne, wancan rashin tsaron ya bar itatuwa sun girma, na yanzu kuwa cinye su yake. Wanda aka koro daga ƙauyensa ya dawo cikin Batsari ba gona ba jari, me zai sayar in ba itace da gawayi ba? Ba zan zarge shi ba. Amma itatuwan da ke kusa da gari, inda ake iya zuwa, su ne suke shan gatari.

Su kuma 'yan uwanmu na Maraɗi sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Kututturen bishiya ne mai rai, saiwarsa na nan a ƙasa. Sai aka fara abin da manoman can suka sa wa suna sassaben zamani: ka zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka cire saura, ka rage rassan ƙasa, ka tsare shi daga awaki da wuta. Yunwar 1984 ta sa mutane suka karɓe shi. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar, bishiyoyi wajen miliyan 200, mafi yawansu ba wanda ya dasa.

Kun ga aikin hannu ɗaya ne da na mai bonsai. Shi yana datsewa don ta tsaya ƙarama, manomin Maraɗi yana datsewa don ta miƙe. Dukansu sai sun riƙa komawa kan bishiya guda shekara da shekaru, kuma nan ne matsalarmu take, domin wanda ba shi da tabbacin zai noma gonarsa baɗi da wuya ka ce masa ya raini kalgo.

Duk da haka, gonakin bakin gari a Runka da Ruma da Safana suna nan cike da kututturen sabara da kalgo da gawo. Lokacin sharar gona na zuwa, matasa mu ne muke riƙe da adda. Ba a neman kuɗin gwamnati ko motar ban-ruwa. A kowace gona a bar ko da guda goma, a ɗaura musu tsumma don mai neman itace ya san da mai su, a gaya wa mai unguwa ya sani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya zaunar da yankinmu lafiya.