Maganin da Ya Ceci Ƙoda, Ya Kumbura Dasashi

A shekarar 1954 likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore, a birnin Boston na Amurka. Amma fa tagwaye ne masu kama ɗaya, shi ya sa jiki bai yi gardama ba. Ga sauran mutane kuwa, garkuwar jiki takan ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ta far mata.

Mafita ta fito daga ƙasar da muke takawa. A 1969 wani ma'aikacin kamfanin Sandoz ya ɗebo ƙasa a Norway, aka sami wata funfuna a ciki, daga ita aka samo maganin saikulosforin mai danne garkuwar jiki. Roy Calne ya gwada shi a kan masu dashen ƙoda a Kambirij a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Daga nan dashen ƙoda, hanta da zuciya ya fara ɗorewa sosai.

Sai dai a wannan shekarar ta 1983 likitocin haƙori suka ba da rahoton cewa dasashin masu shan maganin yana kauri, har yakan rufe haƙora. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu abin yake samu. Ba baƙon abu ba ne, domin tun 1939 an ga irinsa ga masu shan fenitoyin, maganin farfaɗiya. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin kolajin da ke gina dasashi yana taruwa, jiki bai rushe tsohon yadda ya saba. Dattin haƙori yana ƙara rura abin. Haka ma nifedifin, maganin hawan jini da ake yawan haɗa wa masu dashe.

An sami sauƙi da zuwan takrolimus, wanda shi ma daga ƙasa aka samo shi, a Japan a 1984, kuma bai cika kumbura dasashi ba.

Babban haɗarin a yau shi ne mutum ya ji kunyar murmushi ya daina shan magani a ɓoye, jiki ya ƙi ƙodar da aka sha wahala kafin a samu. Idan kai ko wani naka ya ga dasashi na girma, a gaya wa likita. Akwai wankin haƙori a asibiti, akwai sauya magani, in ta kama a yanke naman da ya ƙaru. Kada dai a ajiye maganin sai da izinin likita.