Girman sekta: abin da ke sa fayiloli su "ɓace" bayan kwafar faifai

Faifan ajiya na kwamfuta yana adana bayanai ne a ƙananan gurabe da ake kira sekta. Shekaru da dama girman kowace sekta bayit 512 ne, kafin kamfanoni su koma bayit 4096 wajen shekarar 2011, ƙarƙashin tsarin Advanced Format. Faifai mai alamar 512e yana nuna wa kwamfuta tsohon girman, mai alamar 4Kn kuwa sabon yake nunawa.

Taswirar rabon faifai, wato MBR ko GPT, da lambar sekta take ƙirge, ba da bayit ba. Sashen da ya fara a sekta ta 2048 yana kan bayit na 1,048,576 a tsohon faifai. Idan aka kwafe faifan sukutum zuwa 4Kn, lambar za ta nuna wuri mai nisa ninki takwas, sai kwamfuta ta kasa gano sashen. Haka kuma NTFS da XFS suna rubuta girman sekta a jikinsu, don haka suna iya ƙin buɗewa.

Bayanan suna nan, adireshinsu ne ya kauce. Haɗarin yana cikin amsa tayin kwamfuta na share faifan. Hanya mafi aminci ita ce a raba sabon faifan, a kafa masa sabon tsarin fayiloli, a kwafi fayilolin da manhaja irin rsync, kuma kada a taɓa tsohon sai an tabbatar komai ya buɗe.