Zumuncin Filin Wasa: Daga Ina Gasannin "'Yan Gida Ɗaya" Suka Samo Asali?

Ɗauki matasa biyu gwanayen gudu, ɗaya ɗan Katsina, ɗaya ɗan Maraɗi. Hausa suke ji dukansu, tuwonsu ɗaya, in aka bi salsala ma wataƙila kakanninsu ɗaya. Amma in suka yi fice har ƙasashensu suka ɗauke su, tarihi ya riga ya ware wa kowa filinsa. Bakatsinen zai tafi gasar ƙasashe rainon Ingila, wato Commonwealth, ya kara da 'yan Jamaika da Ostireliya. Na Maraɗi kuwa, shekara da shekaru gasar ƙasashe masu magana da Faransanci ce tasa, inda zai haɗu da 'yan Kanada da Lebanon. Kowace gasa kuma cewa take yi ta 'yan uwa ce.

Irin waɗannan gasanni suna da yawa. Ba na duniya baki ɗaya ba ne kamar Olamfik, ana shigar su ne saboda wata alaƙa: harshe, ko addini, ko tarihin mulki ɗaya. Yahudawa sun fara tasu, Maccabiah, a 1932. Larabawa sun fara tasu a Iskandariyya a 1953. Masu magana da harshen Fotugal sun bi sahu a Macau a 2006. To, wa ya yanke cewa waɗannan su ne dangin wane? Kuma me ke riƙe irin wannan zumunci? Amsar tana cikin tarihin gasannin su kansu.

Gasar da aka haifa don daula

A watan Agustan 1930 aka buɗe gasar farko a birnin Hamilton na Kanada, da sunan Gasar Daular Birtaniya. Wani ɗan jarida mai rubutu kan wasanni, Bobby Robinson, shi ne ya yi ruwa ya yi tsaki har abin ya tabbata. Tawagogi 11 suka zo, da 'yan wasa kusan 400, aka fafata a wasanni shida. Mata ba su shiga komai ba sai wasannin ruwa. Daga Afirka kaf, Afirka ta Kudu kaɗai ta halarta, ita ma da fararen fata zalla.

Wato tun farko dangin ba na kowa ba ne, kuma ba a daɗe ba matsalar ta fito fili. An tsara yin gasar 1934 a Johannesburg, sai aka mayar da ita Landan saboda fargabar yadda za a karɓi baƙaƙen 'yan wasa da 'yan Asiya a can.

Najeriya ta fara shiga a 1950 a Auckland ta New Zealand, tun tana ƙarƙashin Turawa, inda Joshua Majekodunmi ya samo azurfa a wasan tsallake sanda. Bayan shekara huɗu, a Vancouver, wani matashi mai suna Emmanuel Ifeajuna ya tsallake mita 2.03, ya ci wa Najeriya zinarenta na farko a gasar. Ya dawo gida gwarzo, har hotonsa aka riƙa bugawa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Sai dai galibin mutanen Arewa ba da tsalle suka san sunan nan ba. Ifeajuna ya shiga soja, yana cikin waɗanda suka kitsa juyin mulkin Janairun 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, shi ma aka harbe shi a Biyafara a 1967. Lambar zinare ta haɗa kan ƙasa na ɗan lokaci, amma ba ta iya riƙe ta ba.

Ko sunan gasar kaɗai aka bi, za a ga yadda daular ta riƙa zaizayewa. A 1954 aka ƙara kalmar Commonwealth kusa da ta daula. A 1970 aka cire "daula". A 1978 aka cire "Birtaniya" ma, ya rage Commonwealth kawai.

Lokacin da 'ya'ya suka juya wa uwa baya

Abin da masu kafa gasar ba su hango ba shi ne, ƙasashen da suka samu 'yanci za su mai da ita makami. Afirka ta Kudu ta fice daga Commonwealth a 1961 saboda matsin lamba kan mulkin wariyar launin fata, amma wasu ƙasashen ƙungiyar ba su daina wasa da ita ba. A 1976 tawagar ƙwallon zari-ruga ta New Zealand ta je rangadi can, a shekarar da aka karkashe 'yan makaranta a Soweto. Ƙasashen Afirka fiye da ashirin suka ƙaurace wa Olamfik ta Montreal, kuma ɗan Najeriya Abraham Ordia, shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, yana kan gaba a wannan yunƙuri. A 1977 shugabannin Commonwealth suka ƙulla yarjejeniyar Gleneagles, suka yi alkawarin hana hulɗar wasanni da gwamnatin wariya. Duk da haka Najeriya ba ta gamsu da New Zealand ba, ta ƙi zuwa gasar Edmonton a 1978.

Babban karon ya zo a 1986 a Edinburgh. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ƙi yarda a ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumin tattalin arziki. Najeriya da Ghana na cikin waɗanda suka fara janyewa, wasu suka bi. A ƙarshe ƙasashe da yankuna 32 cikin 59 da suka cancanci zuwa suka zauna gida, galibinsu daga Afirka da Asiya da yankin Karebiyan. An yi gasar, amma da gurabe a wofi da bashi mai yawa.

Kada a manta da wanda ya biya kuɗin wannan matsayi. Ɗan wasan gudu bai fi ya samu gasa biyu ko uku yana kan ganiyarsa ba. Wanda ya shekara huɗu yana atisaye aka ce masa babu tafiya, asararsa ba ta dawowa. Amma ƙauracewar ta nuna abu guda ƙarara: gasar ba ta Landan ba ce ita kaɗai, in sauran dangi suka ƙi zuwa, babu biki. Afirka ta Kudu ba ta dawo ba sai a 1994, bayan Mandela ya hau mulki.

Sandar ta juyo kan Najeriya ita ma. An dakatar da ita daga ƙungiyar a 1995 bayan gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas, don haka ba ta halarci gasar Kuala Lumpur ta 1998 ba.

Yamai, inda aka yi wa wani dangin suna

A ɓangaren Faransanci, Nijar ba 'yar rakiya ba ce. A Yamai aka sa hannu, ranar 20 ga Maris 1970, kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar da daga baya ta zama ƙungiyar Francophonie, kuma Shugaba Diori Hamani yana cikin jagororin tafiyar tare da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya. Gasar wasanninsu ta zo a makare: a taron Quebec na 1987 aka amince da ita, aka fara a Maroko a 1989.

Wannan gasa ta bambanta da sauran ta fuska ɗaya mai daɗi. Ban da gudu da ƙwallo da dambe, ana ba da lambobin zinare a waƙa, rawa, zane, sassaƙa, ɗaukar hoto, har da ba da tatsuniya. Kokawar gargajiya ta Afirka ma ta samu gurbi a ciki. Tun da harshe da al'ada ne tushen zumuncin, ai dole a gan su a fili.

A Disambar 2005 Yamai ta karɓi baƙuncin gasar karo na biyar. Shekarar ba mai sauƙi ba ce, domin ita ce shekarar da fari da fara suka jefa sassan Nijar cikin matsanancin ƙarancin abinci. Tambayar da ke bin irin waɗannan gasanni ko'ina ta taso a nan da ƙarfi: ƙasa mai fama da yunwa ta dace ta kashe kuɗi kan biki? Masu goyon baya suna nuna gine-gine da martabar da aka samu, masu suka suna nuna rumbunan da babu hatsi. Bayan shekara ashirin, a Maris 2025, gwamnatin sojan Nijar ta sanar da ficewa daga Francophonie, Burkina Faso da Mali ma haka. Ƙasar da aka raɗa wa ƙungiyar suna a cikinta ita ce ta tattara nata ya-nata.

Inda Katsina da Maraɗi ke haɗuwa

To ina 'yan gudunmu biyu za su tsaya a layi ɗaya? Na farko, a Gasar Afirka. Tun a shekarun 1920 aka yi yunƙurin shirya ta, a Aljiyas a 1925 da Iskandariyya a 1929, amma abin ya ci tura, domin masu mulkin mallaka ba sa son ganin 'yan Afirka sun taru a inuwa ɗaya. Sai a Yulin 1965 aka yi ta farko a Brazzaville, da ƙasashe 30. An so yin ta biyu a Bamako a 1969, juyin mulkin Mali ya wargaza shirin, sai Legas ta ɗauka a Janairun 1973, shekara uku kacal bayan yaƙin basasa. Abuja ta karɓa a 2003, Accra kuma a Maris 2024.

Na biyu, a gasar haɗin kan ƙasashen Musulmi, wadda aka fara a Saudiyya a 2005, a biranen Makka, Madina, Jidda da Ɗa'if. Ita ma ba ta tsira daga rigimar cikin gida ba. An soke wadda aka shirya yi a Iran a 2010 saboda saɓani kan sunan teku: Iran ta rubuta "Tekun Fasha" a tambarin gasar da lambobin yabo, ƙasashen Larabawa suka ce ba su yarda ba. Addini ɗaya, alƙibla ɗaya, amma kalma biyu suka hana wasa.

Me ya rage?

Yau babbar barazanar ba ƙauracewa ba ce, tsada ce. An ba birnin Durban gasar Commonwealth ta 2022, wadda da ita ce ta farko a Afirka, sai aka karɓe a 2017 saboda matsalar kuɗi da rashin cika sharuɗɗa. Jihar Victoria ta Ostireliya ta janye daga karɓar ta 2026 tana kukan tsada, aka mayar da ita Glasgow da wasanni goma kacal. Abuja ta nemi ta 2014, Glasgow ta kayar da ita da ƙuri'a 47 da 24. Har yau Afirka, wadda ta fi kowace nahiya yawan ƙasashe a ƙungiyar, ba ta taɓa karɓar gasar ba.

Duk da haka akwai abin da waɗannan gasanni ke bayarwa wanda Olamfik ba ta cika bayarwa ba. Filin ya fi ƙanƙanta, don haka ƙaramar ƙasa da sabon ɗan wasa suna iya kaiwa zagayen ƙarshe su ji an buga taken ƙasarsu. Tun daga Manchester a 2002 ake lissafa lambobin 'yan wasa masu buƙata ta musamman a jadawali ɗaya da na kowa. A Birmingham a 2022, duk zinaren da Najeriya ta samu mata ne suka ci, cikinsu har da Tobi Amusan da Ese Brume, a gasar da a 1930 mace ba ta da izinin taka filin gudu.

Iyakokin dangin ma sun sauya. Mozambik, wadda Fotugal ta mulka, ta shiga Commonwealth a 1995. Ruwanda ta shiga a 2009, Gabon da Togo a 2022. Kamaru tana wasa a gidajen biyu. Kenan alaƙar da aka ce gado ce ta koma abin zaɓi: ana shiga don an ga amfani, ana fita in an ga raini.

Shi ya sa in aka ce wata gasa ta 'yan uwa ce, yana da kyau mu tambaya: wa ya zana iyakar 'yan uwantakar, wa ke biyan kuɗin taron, kuma a gidan wa ake yin sa? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙasashen Afirka sun shekara fiye da saba'in suna takawa zuwa Auckland da Vancouver da Birmingham. Ranar da sauran dangi za su tako zuwa nan, ita ake jira.