Kafin Optimus Prime Ya Samu Suna

Mafi yawanmu ta fim muka san Transformers. Wanda Michael Bay ya shirya a 2007 da waɗanda suka biyo bayansa har yanzu suna yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan a ɗakunan kwananmu, kuma idan ka tambayi mutum goma, tara za su ce maka fim ne ya yi farin jini, sai 'yan kasuwa suka kwaikwayi jarumansa suka yi kayan wasan yara. To, ba haka aka yi ba. Kayan wasan ne suka riga zuwa duniya, daga baya aka ɗauko marubuta aka ce su ɗinka musu labari. Kuma ba a Amurka aka ƙera su ba.

Asalinsu Japan ne, wajen wani kamfani mai suna Takara. A 1974 Takara ya fito da wasu 'yan ƙananan mutum-mutumi da ya kira Microman, tsawonsu bai wuce santimita 10 ba. Shekara guda ke nan da tashin gwauron zabin da farashin man fetur ya yi a 1973, roba kuwa daga mai ake samunta, don haka ƙaramin abin wasa ya fi babba sauƙin kashe kuɗi. Dabarar da suka yi ta burge ni: suka ce wa yara ai wannan shi ne ainihin girman halittun, sun zo daga wata duniya suna ɓoye a cikin ɗakinka kamar kayan wasa. A 1980 Takara ya ƙara da wani jerin mai suna Diaclone, a 1982 ya sa masa motoci na gaske, irin su Lamborghini Countach, waɗanda ake lanƙwasawa a juya su zama mutum-mutumi. A 1983 kuma Microman ya samu nasa reshen, Micro Change, inda kayan gida ke rikiɗa: rikoda, kaset, kyamara, har da bindiga.

A wannan shekarar ta 1983 wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka je baje kolin kayan wasa a Tokiyo, suka ga kayan, suka sayi izinin sayar da su. Sai suka haɗe jerin biyu da ba su da alaƙar labari da juna, suka ba su suna ɗaya, suka fitar a 1984. Jar motar tirela da ake kira Battle Convoy a Japan ta zama Optimus Prime. Bindigar Jamus ƙirar Walther P38 ta zama Megatron. Rikodar nan ta zama Soundwave, 'yar ƙaramar Volkswagen, wadda iyayenmu ke ce wa ƙwaro, ta zama Bumblebee.

Wanda ya lura zai ga ɗinkin har yau. Motocin Diaclone suna da kujerar direba, domin a Japan ba rayayyu ba ne, injuna ne da wasu 'yan mitsi-mitsin matuƙa masu maganaɗisu a ƙafa ke tuƙawa. Hasbro ya cire matuƙan, kujerun suka zauna babu kowa. Haka kuma a katun za ka ga Megatron, ƙato mai tsawon gini, ya ƙanƙance ya koma bindigar da wani zai riƙe a hannu. Da ina yaro na ɗauka wani sihiri ne marubuta suka ƙirƙiro. Ashe dole ce ta sa: shi daga Micro Change ya fito, inda komai girmansa na zahiri ne, su Optimus kuwa daga Diaclone.

Aikin ba su rai kamfanin Marvel aka ba. Jim Shooter ya tsara ƙashin labarin, wato yaƙin Autobots da Decepticons, Dennis O'Neil ya raɗa sunan Optimus Prime, Bob Budiansky kuma ya raɗa sunan Megatron da na mafi yawan sauran, ya rubuta wa kowanne halinsa da ake bugawa a bayan kwali. Katun ɗin ya fara fita a talabijin a Satumbar 1984. Lokacin ya yi musu daidai, domin a zamanin Shugaba Reagan hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara. Sai ya zama kamfani na iya shirya katun na rabin awa wanda gaba ɗayansa talla ce, yara kuma su zauna su kalla da murna.

Ba su kaɗai ne a kasuwa ba fa. Kamfanin Tonka ya riga su, ya fito da GoBots a 1983, su ma daga Japan aka ɗauko su, daga jerin Machine Robo na Bandai. Sun fi araha, sun riga isa kanti, suna da nasu katun. Amma yau wa ke tuna su? Hasbro ya saye Tonka ɗin ma baki ɗaya a 1991. A ganina bambancin ba a ƙira yake ba, a labari yake. Yaron da ya sayi Starscream ya san jirgin yaƙi ne mai cin amana da ke neman kujerar ubangidansa, don haka ba jirgi kawai ya saya ba.

Su kansu masu kamfanin ba su gane ƙarfin abin da suka ƙirƙira ba sai a 1986. A fim ɗin katun na wannan shekarar suka kashe Optimus Prime da tarin tsofaffin jarumai, don kawai a share kanta a kawo sababbin kaya. A lissafinsu tsohon kaya suka janye daga kasuwa. Yara kuwa suka ɗauka uba aka kashe musu, aka yi ta kuka a gidajen sinima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi. A 1987 dole aka tayar da shi a talabijin. A Amurka jerin farko ya tsaya a 1990, kuma shi ne masu tarawa ke kira G1.

Yanzu ga inda kuɗi ya shigo. Yaran 1984 sun haura shekara arba'in, suna da albashi, suna neman abin da suka rasa ko wanda iyayensu suka kasa saya musu. Abin dariyar shi ne, abin da ke da tsada shi ne abin da yaro ke fara yarwa. Kwali, soson da ke ciki, takardar bayani, sitikar da ba a manna ba. Hannayen Optimus na asali cire su ake yi kafin ya koma mota, don haka su ne ke fara ɓata a ƙarƙashin gado. Optimus marar hannu, marar tirela, marar bindiga, kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ke cikin kwalinsa ba a taɓa yanke salatif ba yana iya kaiwa dubban daloli, musamman idan kamfanin tantancewa irin AFA ya duba shi, ya ba shi maki, ya rufe shi cikin akwatin roba mai haske. Ka ga abin wasan da ya fi daraja shi ne wanda babu yaron da ya taɓa wasa da shi. Ni dai wannan ɓangaren bai taɓa kwanta mini ba.

Akwai ƙananan alamomi da masana ke bi. Daga 1985 Hasbro ya fara manna wata baƙar sitika wadda idan ka goga da yatsa ɗumin jiki zai fito da tambarin ɓangaren jarumin, don a bambance nasu da na masu kwaikwayo. Wanda babu ita, in dai na gaske ne, yana iya zama fitowar farko. Na Japan kafin zuwan Hasbro sun fi wuyar samu, kuma launinsu kan bambanta: Ironhide da aka sani ja, a Diaclone baƙi ne. Jetfire labarinsa daban, jirgin katun ɗin Macross ne na wani kamfanin, aka sake masa fenti da suna. Fortress Maximus na 1987, mai tsawon fiye da rabin mita, ba kowane gida ne ya iya sayensa ba tun a lokacin. Megatron kuwa doka ce ta ci shi: bayan an tsaurara ƙa'ida kan bindigar wasa mai kama da ta gaske a Amurka, da ya dawo a farkon shekarun 1990 tankar yaƙi aka mayar da shi.

Lokaci ma yana cin rabonsa. Farar roba tana komawa ruwan ɗorawa idan ta sha rana, tayoyi suna tsagewa, sitika tana ɓarewa. Wasu na ƙarshen shekarun 1980 da aka yi da roba mai ruwan zinariya sukan farfashe a hannu kamar biskit, ko da ba a taɓa wasa da su ba.

Na san tunanin da wasunku suka fara, domin a kasuwannin gwanjo na nan Kudu ana buɗe dilolin tsofaffin kayan wasa daga Turai, a zube su a ƙasa a sayar da arha. Ba laifi mutum ya duba, amma ya duba da ido biyu. Mafi yawan abin da za ka gani na zamanin fina-finan 2007 zuwa yau ne, an yi su da yawa, roba zalla. Na farkon 1980 suna da nauyi a hannu saboda akwai ƙarfe a jikinsu, yawancin motocin kuma tayoyinsu na roba mai laushi ne. Juya shi ka nemi tambarin Takara ko Hasbro da sunan ƙasar da aka yi shi. Kada shekarar da ke jiki ta ruɗe ka, shekarar rajistar ƙirar ce, ba ranar da aka ƙera wannan ɗin ba, kuma kamfanonin biyu sun sha sake fitar da tsofaffin ƙira. Ga kuma jabu da ake yi a China, waɗanda ke kwaikwayon har kwalin 1984 da rubutunsa, suna ruɗar waɗanda suka shekara ashirin a harkar. Idan wani a intanet ya ce zai sayar maka da Optimus na asali a kwali kan kuɗin da bai kai na rajistar zango ɗaya ba, riƙe kuɗinka ka biya rajistar.