Daga zaure zuwa get: yadda doka ta sauya fasalin gidajen Gombe

Gombe ta yau ba tsohon gari ba ce. A Gombe Abba Modibbo Buba Yero ya kafa fadarsa. Turawa ne suka mai da hedikwatar masarauta Nafada a 1913, sannan Doma, wato Gombe ta yau, a 1919. Don haka tun tasowar garin, ƙa'idojin gini iri biyu ke aiki a cikinsa.

A cikin gari, sarki da masu unguwanni ke ba da fili, shari'a da al'ada kuma su tsare haƙƙin maƙwabci: kada indararonka ya zuba a gidansa, kada tagarka ta leƙa iyalinsa. Sai magina suka jera ɗakuna a jikin katanga, suka bar tsakar gida a buɗe don girki da shanya da shan iska lokacin bazara, zaure kuma ya fuskanci hanya. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan yara ke karatun allo.

Tsarin Turawa daban ne. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ware musu unguwanninsu, gida a tsakiyar fili, sarari ta kowace fuska. Wannan fasali na unguwannin Turawa, wato GRA, shi dokokin da suka biyo baya suka gada, daga dokar tsara birane ta 1946 zuwa ta 1992, har kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, maganar mai unguwa ta koma bayan takardar mallaka. Jirgin ƙasa da ya iso a farkon shekarun 1960 da simintin Ashaka sun sauƙaƙa samun kwano da bulo.

Yau mai fuloti mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari, in ya kai zanensa hukumar tsara birane ta jiha, za a ce ya ja baya daga titi, ya bar tazara a gefe da baya. Dalilin mai kyau ne: iska, haske, hanyar 'yan kwana-kwana. Amma in an cire wannan tazara, me ya rage wa tsakar gida? Dole mai zane ya cure ɗakuna a ƙarƙashin rufi ɗaya, falo ya maye gurbin zaure, doguwar katanga da get su karɓi aikin sutura. Abin na damuna, domin a garin da zafi ke gasa mutane a watan Afrilu, mun rufe sararin da ke sanyaya gida, mun bar siririn lungu a bayan ɗakuna wanda ba ya amfanar kowa.

Inda doka ta fi cancantar tsanani kuwa, nan aka fi sakaci. Gombe a kwari take, ƙasarta yashi ce mai saurin zaizayewa. Bayan ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, jama'a suka kwararo, aka yanka filayen awon igiya har bakin kwazazzabai, babu magudanar ruwa. Ambaliyar Agustan 2004 ta ci rayuka da gidaje. Hukumar GOGIS ta zo da rajistar filaye ta kwamfuta, amma dubban iyalai sun riga sun gina a kan hanyar ruwa, kuma kowace damina kwazazzabo na ƙara matsowa gindin katangunsu.