Kula da Uwar Garken Kwamfuta a Ofisoshin Ƙasar Zuru

Gabatarwa

A ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru, wato Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, ayyuka da dama da a da ake yi da biro da takarda sun koma cikin kwamfuta. Inda kwamfutoci suka yi yawa a ofis, akan tanadi wata babba wadda sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Ita ake kira uwar garke. Idan ta tsaya, malamin makarantar da ya biya kuɗin mota daga Ribah, Mahuta ko Dirin Daji don gyara takardun albashinsa zai koma gida hannu rabbana. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani kan abubuwa biyu da ke tsawaita ranta.

Manhajar tushe

Kowace uwar garke tana da wata ƙaramar manhaja da kamfani ya dasa a cikin allonta, wadda ke fara aiki tun kafin Windows ko Linux su buɗe. A tsofaffin na'urori sunanta BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Ita ke duba ƙwaƙwalwa da faifan ajiya, sannan ta miƙa ragama. Lokaci zuwa lokaci kamfanoni kan fitar da sabon zubi domin toshe wata ɓaraka. A watan Janairun 2018 an bayyana wasu lahani biyu, Spectre da Meltdown, a ƙwaƙwalwar kwamfutoci masu yawan gaske a duniya, kuma gyaran ya haɗa da sabunta wannan manhaja. Sai dai gyaran farko da kamfanin Intel ya fitar ya sa wasu na'urori suna kashe kansu suna sake tashi, har kamfanin ya nemi a dakata da saka shi. Darasin a nan shi ne a riƙa sabuntawa, amma a karanta bayanin kamfani tukuna.

Rajistar abubuwan da suka faru

A cikin uwar garke akwai wani ɗan guntun na'ura mai gadi, wanda ke aiki ko da an kashe ta, muddin tana jone da wuta. Kamfanin Dell na kiran nasa iDRAC, HPE kuma iLO. Tun 1998 aka fito da tsarin IPMI domin daidaita yadda ake magana da shi. Wannan mai gadi yana rubuta duk abin da ya faru tare da rana da sa'a: zafi ya haura, fanka ta rage gudu, wuta ta yanke, ƙwaƙwalwa ta yi kuskure, ko an buɗe murfi. Wurin rubutun ba shi da yawa. Idan ya cika, wasu na'urori kan daina rubuta sabon abu, don haka a kwafe shi a adana kafin a goge.

Yanayinmu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan toshe hanyoyin iska. A Maris da Afrilu zafi kan tsananta, alhali masana sun ba da shawarar ɗakin uwar garke ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Da damina kuma ga tsawa, ga ɗaukewar wuta. Sau da yawa alamun waɗannan matsaloli kan bayyana a rajista kafin na'ura ta lalace.

Shawarwari ga jami'ai

1. A ɗora wa mutum guda alhakin duba rajista sau ɗaya a mako, ya sa hannu a littafi.
2. A tabbatar agogon na'ura daidai yake. Idan yana komawa baya, a canza ƙaramin batirin allo.
3. A sauke sabuwar manhaja daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar kaɗai, a kuma daidaita lambar samfuri.
4. A kwafe dukkan bayanai zuwa wani wuri kafin a fara.
5. Kada a fara sai an jona na'urar da batirin UPS mai cikakken caji, janareta kuma na da mai. Yankewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana na'ura sake tashi.
6. A zaɓi lokacin da ba a biyan albashi ko rajista, a sanar da jama'a tun da wuri.
7. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita.

Kammalawa

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe bayanan jama'a su kiyaye su daga ɓata ko faɗawa hannun da bai dace ba. Muna kira ga shugabannin sassa da su sanya kuɗin batir, mai da sharar ƙura cikin kasafinsu, domin rigakafi ya fi magani.